Man da ke Maƙalewa Cikin Dutse



Ran nan a ajinmu na dare muna lissafin litir da ganga, sai wani dattijo, tsohon direban tankar mai, ya ɗaga hannu ya ce mini: "Malam, in anka ce rijiyar mai ta ƙafe, ashe tafkin da ke ƙarƙashin ƙasa ne ya ƙare?" Na ce masa: "Baba, babu tafki ko ɗaya can ƙasa. Kuma ranar da ake rufe rijiya, sau da yawa man da ya rage ciki ya fi wanda anka fitar." Aji duka ya fashe da dariya, suna tsammanin wasa nake. To, ba wasa ba ne. Yau ina so in yi muku bayanin abin da ke riƙe man nan, da dabarar da masana ke gwadawa don su ƙwato shi. Ku gyara zama, don za mu shiga wurin da ido ba ya gani.

Mu fara da dutsen. Ku dubi randar ƙasa da ke tsakar gida. Ba ta da huda, amma bayanta kullum da laima. Ruwa na bi ta ƙananan ƙofofi da ke jikin yumɓu yana tsatsowa. Dutsen da ke ɗauke da mai haka yake. Galibi yashi ne da ya daskare tun shekaru miliyoyi, ko kuwa dutsen farar ƙasa. Tsakanin ƙwayar yashi da ƴar'uwarta akwai ɗan fili, kuma cikin filin nan ne mai ke zaune, tare da ruwan gishiri, wani lokaci da gas. Man Agadem, can jihar Difa, cikin irin wanga dutsen yashi yake.

In anka haƙa sabuwar rijiya, mai na tasowa da kansa, saboda nauyin ƙasa da gas sun matse shi, kamar kwalbar lemu da anka girgiza anka buɗe. Amma ƙarfin nan ba ya daɗewa. Abin da ke fitowa ta wagga hanya kaɗan ne, sau da yawa bai wuce kashi 10 ko 15 cikin 100 ba. Daga nan sai a haƙa wasu rijiyoyi a gefe, a riƙa tura ruwa ciki don ya koro man zuwa rijiyar ɗiba. Da wanga da wancan duka, in anka haɗa rijiyoyin duniya anka yi lissafi, abin da ake samu wajen kashi ɗaya ne cikin uku. Ke nan in dutse na ɗauke da ganga 100, wajen 33 ke fitowa. Sauran 67 suna nan kwance.

Mata masu man gujiya ba za su yi mamakin wagga magana ba. Kin soya, kin kai niƙa, kin zuba cikin turmi kina juyawa, kina yayyafa ruwan zafi kaɗan kaɗan har mai ya taso. Kin matse iyakar ƙarfinki. Amma ɗauki tunkuzar ki murza a tafin hannu, za ki ga maiƙo. Man da ya fara fitowa ba ya ba da wuya. Na ƙarshe shi ne mai gardama.

To, mene ne ke riƙe shi cikin dutse? Amsar tana wurin da ya fi ƙwayar yashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka sai mun koyi sabon awo.

Kun san metir. Kun san in anka raba metir gida 1.000 a sami milimetir, ɗan layin nan mafi ƙanƙanta da ke jikin abin awon tela. To, ku ɗauki milimetir guda ku raba shi gida miliyan ɗaya. Kashi ɗaya daga ciki shi ake kira nanometir. Kaurin takardar da ke hannunku wajen nanometir 100.000 ne. Silin gashin kai guda, wajen 80.000. Farcen hannunku yana tsiro wajen nanometir ɗaya kowace daƙiƙa, wato tun da kunka fara karatun nan ya ƙaru da ɗari ko fiye, ba ku sani ba. Ga wani misali. Daga Yamai zuwa Damagaram ta hanyar mota wajen kilometir 900 ne. Ku ƙara 100 su cika 1.000. Da za a ja metir ɗaya ya miƙe har ya kai tsawon tafiyar nan duka, to nanometir zai zama milimetir ɗaya tak cikinta, bai kai ƙwayar hatsi ba.

Madubin da likita ke duba jini da shi ba ya kaiwa nan. A shekarar 1981 wasu masana biyu, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer, da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin IBM kusa da birnin Zurik na ƙasar Suwis, sunka ƙera wata na'ura mai tsinin allura. Ita ba kallo take yi ba, lalube take yi, kamar makaho na bin bango da sanda. Sun sami lambar Nobel a 1986. A shekarar ce kuma anka fito da ƙanwarta, wadda ke lalube har bisa abin da wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa.

Yanzu mu koma ga mai. Ɗanyen mai ba abu ɗaya ba ne. Taro ne na dubban ƙwayoyi iri iri. Akwai marasa nauyi, su ne matata ke fitarwa su zama isansi da kananzir. Akwai matsakaita, su ne gazuwal. Akwai masu danƙo. Sa'an nan akwai mafi nauyi duka, baƙaƙe, dangin kwaltar da ake shimfiɗawa bisa hanya. Su ake kira asfaltin. Wani masani Bafaranshe, Boussingault, shi ya raɗa musu suna tun 1837, amma an yi shekara fiye da ɗari da hamsin ana gardama bisa girmansu da siffarsu. A 2015, a ɗakin binciken nan na Zurik, anka ɗauki hoton ƙwayoyin asfaltin fiye da ɗari, ɗaya bayan ɗaya. Sai anka ga yawancinsu kamar ɗan faifai suke, an saƙa tsakiyarsa da zobba, da ƴan wutsiyoyi a gefe. Faɗin guda wajen nanometir ɗaya da rabi.

Halin asfaltin shi ne ba ya son zaman kaɗaici. In sun yi ɗan yawa cikin mai, sai wajen shida su hau bisa juna kamar an jera faya-fayai, su zama ɗan dunƙule mai nanometir 2. In sun ƙara yawa, dunƙulen su ma su haɗu wajen takwas takwas, su zama curi mai nanometir 5. Har nan babu laifi. Suna yawo cikin mai lafiya lau, kamar yadda maiƙo ke yawo cikin madarar da anka tatso yanzu. Amma kun san abin da ke faruwa in anka matsa lemun tsami cikin madara: nan take ta tsinke, gudaji gefe, ruwa gefe. Abin da ke tsinka ɗanyen mai shi ne raguwar matsi. Yayin da mai ke hawowa cikin rijiya, nauyin da ke kansa na raguwa, ƙwayoyin nan marasa nauyi su kumbura, man ya zama ba ya iya riƙe asfaltin. Sai curi ya kama curi, su zama gudaji, su liƙe a ƙofofin dutse da cikin bututu, har rijiya ta shaƙe.

A nan akwai abin mamaki, kuma maƙwabtanmu na arewa sun fi kowa saninsa. A Aljeriya akwai babban filin mai na Hasi Mas'ud, wanda anka gano a 1956. Mansa tsararo ne, marar nauyi, asfaltin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Amma rijiyoyinsa sun yi suna wajen toshewa da asfaltin. Can kuwa Benezuwela akwai filin Boskan, mansa kauri gare shi kamar zuma, asfaltin ciki wajen kashi 17 cikin 100, amma bai dame su da toshewa ba. Dalili shi ne man Boskan cike yake da dangin asfaltin masu riƙe shi, shi kuwa na Hasi Mas'ud baƙo ne cikin waɗanda ba su san shi ba, ƙiris ya isa a kore shi waje. Ke nan yawan abu ba shi ne ke nuna zai yi ɓarna ba, sai an dubi cikin su wa yake zaune.

Ɓarnar asfaltin ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Wadda ta taɓa wanke kwanon tangaran da kwanon roba bayan an ci miya mai mai ta san bambanci. Tangaran na son ruwa, da ruwa ya shiga sai maiƙo ya saki. Roba kuwa mai take so, ki wanke sau biyu har yanzu da santsi. Dutsen yashi tun asali kamar tangaran yake. Kafin mai ya zo, ruwa ne cike da ƙofofinsa, kuma ko bayan mai ya shigo, akwai wani ɗan siririn mayafin ruwa da ke raba shi da jikin dutse. Kaurin mayafin nan ƴan nanometir ne kawai. In ya tsaya, mai bai taɓa dutse ba. In ya yage, asfaltin ya sami wurin kamawa, ya shafe dutsen, tangaran ya koma roba. Daga nan duk ruwan da anka turo sai ya bi ta tsakiya ya wuce abinsa, ya bar mai manne a bango.

Ko inda dutse bai canza hali ba, akwai wani tarko. Ƙofofin dutse ba faɗinsu ɗaya ba: ɗaki ne, sai ƙunƙuntar ƙofa, sai wani ɗaki. Ɗigon mai da ruwa ya kewaye yana da wata irin fata mai ɗaurewa, wadda ke son ya zauna a dunƙule. Kafin ya wuce ƙofa sai ya lanƙwashe ya tsuke, kuma iyakar ƙanƙantar ƙofa iyakar ƙarfin da ake bukata. Ruwa kuwa ba ya son wahala. In ya sami hanya mai sauƙi sai ya kewaye. Haka ɗigo bisa ɗigo ke zama a kulle cikin ɗakunansu.

Masu aikin mai sun daɗe suna neman magani. Akwai masu tura tururi don mai ya narke, kamar ruwan zafin mai man gujiya. Akwai masu sa wani irin sabulu don fatar ɗigon ta yi laushi. A filin Dacin na ƙasar Sin, tun 1996 suna sa wa ruwa wani magani mai yauƙi kamar kuɓewa, don ya daina zurarewa ya riƙa tura mai gaba ɗaya. Wasu kuma sun lura in anka rage gishirin ruwan da ake turawa, ɗan mayafin nan na ƙara kauri, mai ya saki dutse. Kamfanin BP ya gina filinsa na Clair Ridge, cikin teku arewa da Birtaniya, da niyyar aiki da wagga dabara, ya fara fitar da mai a 2018.

Sabuwar dabara ita ce a aika da ƙura. Amma ba ƙurar hunturu ba. Gari ne da ake haɗawa a masana'anta, kowace ƙwaya nanometir 10 ko 20, galibi na silika, wato abin da yashi da gilashi ke ɗauke da shi. Ƙofofin dutsen mai na kirki sukan kai nanometir dubu ko dubbai, don haka ƙwayar nan na ratsa su kamar akuya ta shiga ƙofar gari.

Me zai sa gari ya yi abin da dutse bai yi ba, alhali asalinsu ɗaya? Ku ɗauko alli mu yi lissafi. Ga ƙwayar sukari mai kusurwa, a ce kowane gefe santimetir ɗaya. Fuskokinta shida, ke nan fatarta duka ba ta fi kan sarki girma ba. Ku yanka ta gida gida har kowane yanki ya zama nanometir 10. Nauyi bai ƙaru ba, sukari bai ƙaru ba. Amma in kunka shimfiɗa fuskokin yankunan duka, za su rufe murabba'in metir 600, wato fili mai metir 20 bisa 30, ya isa a gina gida har da garka. Duk wata ma'amala tsakanin mai da ruwa da dutse a fata ake yin ta. Wanda ya fi fata yawa shi ya fi iya aiki. Shi ya sa barkonon da anka daka ya fi wanda anka jefa ɗungum yaji cikin miya.

Aikin farko da garin ke yi shi ne ya zama tarkon asfaltin. Maimakon asfaltin ya liƙe a dutse, sai ya liƙe a jikin ƙwayoyin, su tafi da shi. Na biyu, ƙwayoyin kan kwanta bisa bangon da asfaltin ya ɓata, su yi masa sabon shafe mai son ruwa. Na uku shi ya fi ba ni sha'awa. A 2003, masana biyu na birnin Shikago a Amurka, Darsh Wasan da Alex Nikolov, sunka nuna abin da ke faruwa a gindin ɗigon mai da ke manne a bango. Inda ɗigo ya haɗu da bango akwai ɗan lungu mai tsukewa. Ƙwayoyin gari ba sa zama wuri ɗaya, don ƙwayoyin ruwa na bugunsu ko ta ina dare da rana. Bugun nan na cusa su cikin lungun. Can ciki, da yake wuri ya ƙuntata, sai su jeru sahu sahu: sahu uku, sahu biyu, har sahu ɗaya a can bakin. Na baya na tura na gaba, na gaba na ɗaga gefen ɗigon. Kaɗan kaɗan har ya ɓamɓaru, kamar yadda ake cusa bakin cokali ƙarƙashin ƙanzo a gindin tukunya. Ba wanda ya tura da hannu. Yawansu da rashin zamansu ne ƙarfinsu.

Akwai kuma masu aika garin a matsayin ɗan aike. A 2010 kamfanin Saudi Aramco ya tura wasu ƙwayoyin gawayi masu ƙyalli cikin wata rijiya a filin Ghawar na Saudiyya, anka bar su ƴan kwanaki cikin zafi da gishiri, anka jawo ruwan, mafi yawansu sunka dawo. Amfanin haka shi ne in ka zuba su a rijiya ɗaya sunka ɓullo a wata, ka san hanyar da ruwanka ke bi can ƙasa, ka san inda yake kewayewa.

Cikin ƙasashen da sunka kai abin nan fili akwai Kolombiya. Kamfanin mai na gwamnatinsu, Ecopetrol, tare da malaman jami'ar ƙasa da ke Medelin, sun gwada gari a rijiyoyin Kupiyaguwa da asfaltin ke shaƙewa, da kuma filayen Kastiya da Cicimene masu mai mai kauri, kuma rijiyoyin da anka yi wa magani sun ƙara ba da mai.

Yanzu sai in faɗa muku ra'ayina, don kada ku tashi da zaton an gama magana. Yawancin labaran daɗi da ake ji bisa wanga gari daga ɗakin bincike suke fitowa, inda ake gwaji da guntun dutse kamar totuwar masara. Tsakanin rijiya da rijiya kuwa ɗaruruwan metir ne. Can ƙasa zafi na ƙaruwa wajen digiri 30 kowane kilometir, ruwan kuma a wasu wurare ya fi na teku gishiri sau da yawa. Gishiri da zafi na sa ƙwayoyin su kama juna su yi gudaji, kamar kunun da ba a dama da kyau ba. In sun yi gudaji, maganin ya koma cuta, shi da kansa ya toshe ƙofofin da anka aiko shi buɗewa. Wasu kuma su maƙale tun a ƴan metir na farko, ba su kai inda ake bukatarsu ba. Don haka sai an yi wa kowace ƙwaya riga ta musamman, rigar kuwa kuɗi ce.

Ga lissafin kuɗin. Ganga ɗaya litir 159 ce. A ce fili na shan ruwa ganga 20.000 kowace rana, wato litir 3.180.000. A ce giram ɗaya kawai ake sawa cikin kowace litir. Ke nan kilo 3.180, tan uku da ɗoriya, kowace rana ta Allah, har shekaru. Shi ya sa inda abin ya fi cin nasara zuwa yanzu shi ne wankin bakin rijiya, ƴan metir da ke kewaye da ita, inda gari kaɗan ya isa. Share fili duka da shi kuwa da sauran aiki. Sa'an nan akwai maganar lafiya. Mun san ƙurar dutse mai laushi na lalata huhun masu fasa dutse da masu haƙar zinariya. Wanda ke buɗe buhun busasshen gari irin wanga dole ya rufe hanci da baki, kuma ruwan da ya dawo daga rijiya bai kamata ya kusanci inda mutane da dabbobi ke sha ba.

Ina ruwanmu da wanga duka? A 2008 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin bisa man Agadem. Ran 28 ga Nuwamba 2011 anka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai iya tace ganga 20.000 a rana, da bututu mai kilometir 462 da ke kawo mata mai. A 2024 kuma jirgin ruwa na farko ya ɗauki man Nijar a Seme ta ƙasar Benin, bayan ya bi bututu mai kusan kilometir 2.000. Rabon da ƙasa ke samu, bisa gangar da ta fito ake lissafa shi. Wadda ta maƙale cikin dutse ba ta biyan albashin malami, ba ta sayen maganin asibiti. In daga ganga 33 anka kai 38, ƙarin 5 ne cikin 100 na abin da ke ƙasa, amma kusan kashi 15 ne cikin 100 na abin da ke shiga hannu, ba tare da an gano sabon fili ko ɗaya ba. Kuma yadda anka tafiyar da rijiya tun tana sabuwa na da hannu cikin abin da za ta bayar da tsufanta: in anka yi gaggawar zuƙa anka bar matsi ya faɗi, asfaltin ya tsinke cikin dutse, gyaransa da wuya. Saboda haka in kunka ji ana maganar ganga nawa ake fitarwa a rana, ku ƙara da tambayar kashi nawa cikin 100 ake sa ran fitarwa kafin a rufe.

Kafin mu sake haɗuwa ga aikin gida. Ku sami kofin gilashi mai tsabta da kofin roba. Ku jiƙa su duka da ruwa, ku zubar. Ku ɗiga man gujiya ɗigo ɗaya a gindin kowane, sa'an nan ku tsiyaya ruwan sanyi a hankali ta gefe har su cika. Ku duba wanne ne ya saki mansa ya taso sama, wanne ya riƙe. Ku sake yi da kofunan a bushe, ba a jiƙa ba. Wanda ya iya rubutu ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa malamin ajinsu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.